Zanen Danmak da makamin kasuwa: abin da ƙaurace wa kaya ya iya, da abin da wuta ta ɓata

Ran 30 ga watan Satumba 2005, wata babbar jarida ta ƙasar Danmak mai suna Jyllands-Posten ta buga zane goma sha biyu a shafi guda, waɗanda aka ce wai siffar Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Danmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, mutanenta a wancan lokaci ba su kai miliyon shida ba, kuma da yawa daga cikin mutanen Maraɗi da Tawa ba su san ta ba sai a jikin gwangwanin madara. Amma kafin wata biyar su cika, sunanta ya shiga bakin kowa tun daga Jakarta har Yamai. Yana da kyau mai karatu ya san yadda al'amarin ya faro da yadda ya ƙare, domin ƙasar Nijar ma ta ɗanɗani ɗacin irinsa.

Mafarin al'amari

Wani marubuci ɗan Danmak, Kåre Bluitgen, ya rubuta littafin yara a kan tarihin Annabi, ya yi kukan cewa ya sha wuya kafin ya samu mai yi masa zane, saboda masu zane suna jin tsoro. Shugaban sashen al'adu na jaridar, Flemming Rose, ya ɗauki wannan a matsayin alamar cewa tsoro ya fara rufe bakin mutane a ƙasarsa. Sai ya aike wa masu zanen barkwanci takarda, ya nemi kowa ya zana Annabi yadda yake ganinsa. Mutum goma sha biyu suka aiko da zane. Zanen da ya fi ƙona zukata shi ne na Kurt Westergaard, wanda ya haɗa rawani da bam, ya jingina ta'addanci ga addini baki ɗaya.

Da farko musulmi sun bi hanyar lalama. A watan Oktoba jakadun ƙasashen musulmi goma sha ɗaya da ke birnin Kopenhag suka rubuta wa firaministan lokacin, Anders Fogh Rasmussen, suna neman ganawa da shi. Bai gana da su ba. Ya amsa a rubuce cewa gwamnati ba ta da iko a kan jaridu, wanda duk aka yi wa laifi ya tafi kotu. Daga baya wasu tsofaffin jakadun Danmak ɗin kansu sun fito fili sun ce wannan ƙin ganawa kuskure ne. Ƙungiyoyin musulmi sun kai ƙara, amma hukumar shari'a ta ce ba ta ga laifin da doka ta tanada ba. Da ƙofofi suka rufe a gida, wasu limamai suka ɗauki zanen zuwa Masar da Labanan da Siriya, maganar kuma ta isa taron shugabannin ƙasashen musulmi da aka yi a Makka a watan Disamba 2005. Ran 10 ga Janairu 2006 wata ƙaramar jarida ta ƙasar Norwe ta sake buga zanen. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Kwana biyar a kasuwa

Abin da takardun jakadu suka kasa, matan gida da ƴan tireda suka yi shi. A ƙarshen watan Janairu 2006 saƙonni suka yi ta yawo ta wayar salula a ƙasar Sa'udiya, limamai suka yi huɗuba, manyan kantuna suka kwashe kayan Danmak daga kan kanta, suka rataya alluna suna bayyana dalili. Ran 26 ga watan Sa'udiya ta kira jakadanta gida. Daga nan ƙauracewar ta bazu zuwa Kuwet da Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da sauran ƙasashen yankin.

Wanda ya fi shan duka shi ne kamfanin Arla, mai sayar da man shanu na Lurpak da cukun Puck da madarar gari ta Dano. A wancan lokaci Arla ƙungiyar haɗin gwiwa ce ta makiyayan Danmak da Suwed, kuma cinikinta a Gabas ta Tsakiya ya kai wajen kuron miliyar 3 a shekara. Cikin ƴan kwanaki ciniki ya tsaya cik. Kamfanin ya ce yana asarar kuron miliyon 10 a kowace rana, wato kusan miliyon 880 na kuɗin sefa. Wani babban jami'insa ya bayyana cewa abin da suka gina cikin shekara arba'in ya tsaya cikin kwana biyar. Masana'antar madara ta kamfanin da ke Riyad, mai ma'aikata wajen 800, ta dakatar da aiki, a Danmak ma aka sallami ma'aikata sama da ɗari na ɗan lokaci.

Tsoro ya kama har waɗanda ba ruwansu. Kamfanin Nestlé na ƙasar Suwis ya sayi fili a jaridar Larabci domin ya shaida wa jama'a cewa madarar Nido ba daga Danmak take ba. Kamfanin Carrefour na Faransa ya janye kayan Danmak daga kantunansa na ƙasashen Larabawa.

Ran 30 ga Janairu, kwana huɗu kacal bayan kiran jakadan, jaridar Jyllands-Posten ta fitar da takarda tana ba da haƙuri a kan ɓata ran da ta jawo wa musulmi, ko da yake ba ta ce ta yi nadamar bugawar kanta ba. Wata huɗu ana roƙo ba a samu ko wannan ba. A watan Maris Arla ta buga sanarwa a jaridun Larabawa tana nisanta kanta da zanen, abin da ya jawo mata suka mai zafi a gida, inda wasu suka ce ta sayar da mutuncin ƙasa saboda cuku. Taron malamai da aka yi a Baharain a wannan wata ya yaba da matakin kamfanin, kayansa kuma suka fara komawa kantuna. Arla ta ƙiyasta asararta ta shekarar 2006 a kan kuron miliyon 400, kimanin miliyar 35 na sefa.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi iyakar wannan makami. Arzikin Danmak bai durƙushe ba, domin mafi yawan cinikinta da maƙwabtanta na Turai take yi, kuma a Amurka wasu sun tashi da gangan suna sayen kayanta don su mara mata baya. Wanda ya yi zanen bai rasa albashinsa ba. Waɗanda suka zauna a gida babu aiki su ne makiyayin da bai taɓa riƙe alƙalamin zane ba, da leburan masana'antar Riyad, waɗanda da yawansu musulmi ne.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan jaridar sun ce ƴancin faɗar albarkacin baki bai zo wa Turai a banza ba. An yi ƙarnoni ana kokawa da sarakuna da shugabannin majami'a kafin a same shi, kuma a ganinsu ba'a ga masu iko da masu addini tana cikin gadon wannan kokawa. Saboda haka ne ran 1 ga Fabrairu 2006 jaridu irin su France Soir a Faransa da Die Welt a Jamus suka sake buga zanen. A watan Maris 2007 kotun birnin Paris ta wanke jaridar Charlie Hebdo daga ƙarar da Babban Masallacin Paris da wata ƙungiyar musulmin Faransa suka shigar. Hujjar kotun ita ce doka tana kare mutane daga zagi, amma ba ta hana sukar aƙida ba.

Musulmi kuwa sun ce wannan rarrabewa ba ta shiga zuciyar mai imani, wanda yake son Annabinsa fiye da iyayensa da ƴaƴansa. Sun ƙara da cewa ba'ar da ake yi wa mai ƙarfi daban take da wadda ake yi wa baƙi marasa rinjaye da ke neman wurin zama a ƙasa. Sun kuma nuna cewa ita kanta Turai ba ta bar baki sake ba. Dokar Faransa ta 1990 tana hukunta wanda ya musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Danmak ta riƙe ayar doka mai hana saɓo har zuwa 2017. An kuma gano cewa a 2003 ita wannan jarida ta ƙi buga wani zanen barkwanci a kan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, don gudun ɓata wa masu karatunta rai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta tsaya a tsakiya. Ayarta ta 19 ta tabbatar da ƴancin magana tare da nauyin da ke biye da shi, ta 20 kuma ta hana kiran ƙiyayyar addini da ke tunzura jama'a ga wariya ko tashin hankali. Wani abin lura shi ne, a watan Yuni 2020 Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke hukunci a kan Faransa cewa kiran a ƙaurace wa kaya cikin lumana shi ma yana ƙarƙashin ƴancin magana. Ashe wanda ya ce yana da damar ya zana, dole ya yarda cewa ɗan'uwansa yana da damar ya mayar da kuɗinsa aljihu. A watan Oktoba na wannan shekara aka sake ganin haka, lokacin da kantunan Kuwet da Ƙatar suka kwashe kayan Faransa bayan kisan malamin makaranta Samuel Paty da jawabin shugaba Macron na cewa ƙasarsa ba za ta bar zanen barkwanci ba.

Tarihin Musulunci ya san ƙauracewa ta fuska biyu. Ƙuraishawa sun ƙaurace wa Banu Hashim wajen shekara uku, ba saye ba sayarwa ba auratayya, har yunwa ta galabaitar da yara da tsofaffi. Bayan hijira kuma, Sumama ɗan Usal, shugaba a ƙasar Yamama, da ya musulunta sai ya hana a kai hatsi Makka. Da yunwa ta tsananta mutanen Makka suka rubuta wa Manzon Allah suna roƙo da zumunci, shi kuwa ya umarci Sumama ya saki hatsin. Malamai suna kafa hujja da wannan ƙissa a kan halaccin ƙauracewa, kuma a cikinta ne iyakarta take, wato jin ƙai ga wanda bai ji ba bai gani ba.

Ranar da wuta ta karɓe magana

Ran 4 ga Fabrairu 2006 aka ƙona ofisoshin jakadancin Danmak da Norwe a Dimashƙa, washegari aka ƙona na Danmak a Bairut. Ran 18 ga watan tarzoma ta ɓarke a Maiduguri, aka kashe mutane aka ƙona majami'u, bayan ƴan kwanaki kuma aka yi ramuwar gayya a kan musulmi a Anaca. An ƙiyasta cewa wajen mutum 200 suka rasa rayukansu a duniya saboda wannan rikici, kusan dukansu a ƙasashen Afirka da Asiya. Daga ranar da hayaƙi ya tashi, jaridun Turai suka bar tambayar ko zanen ya dace, suka koma nuna hotunan wuta.

Nijar ta ga nata bayan shekara tara. Ran 7 ga Janairu 2015 ƴan bindiga suka kashe mutum goma sha biyu a harin da suka kai wa Charlie Hebdo a Paris, cikinsu har da ɗan sanda musulmi, Ahmed Merabet. Ran 11 ga watan shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya shiga jerin gwanon ta'aziyya a Paris. Ran 14 jaridar ta sake fitowa da zanen Annabi a bangonta. Ranar Juma'a 16 ga watan, bayan an sauko daga masallaci, Damagaram ta kama da wuta, aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar tare da ɗakin karatunta, aka ƙona majami'u. Washegari abin ya isa Yamai, inda ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙona, da otel-otel, da gidan marayu, da makaranta. Mutum goma suka rasu a biranen biyu, gwamnati ta ba da kwana uku na zaman makoki.

Babu ɗaya daga cikin mamatan da ya taɓa aiki a jaridar Paris. Kiristocin Nijar ƴan ƙasa ne, da su ake cin kasuwa ɗaya, ake ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, kuma ɗaliban da suka rasa ɗakin karatu a Damagaram yawancinsu ƴaƴan musulmi ne. Wannan shi ne huce haushin kaza a kan dami. Abin da ya rage na alheri a waɗannan kwanaki shi ne musulmin da suka buɗe ƙofofin gidajensu suka ɓoye maƙwabtansu har ƙura ta lafa.

Abin da ya biyo baya

A shekarar 2023, bayan an yi ta ƙona Alƙur'ani mai girma a gaban ofisoshin jakadanci a Kopenhag da Istokolm, ƙasashen musulmi suka kira jakadu, suka yi taruka, suka matsa lamba ta hanyar hulɗar gwamnatoci. Ran 7 ga Disamba 2023 majalisar dokokin Danmak ta amince da dokar da ta hana wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da hukuncin tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Dokar ba ta shafi zane ba, kuma ƴan majalisa da yawa sun ƙi ta. Duk da haka, ƙasar da firaministanta ya ƙi ganin jakadu a 2005 ita ce ta sauya dokarta bayan shekara goma sha takwas.

Mai sayen kaya yana da ikon kuɗinsa, ba mai tilasta masa ya sayi abin da zuciyarsa ta ƙi. Amma kafin ya ƙaurace, ya kamata ya tabbatar daga ina kayan suka fito, wa zai yi asara, mene ne kuma ake nema a cimma, don kada ya karya jarin ɗan tiredan unguwarsu wanda ya riga ya biya kuɗin kayan. Wannan nauyi ne a kan limamai da malaman makaranta da shugabannin ƴan kasuwa da iyaye, su da matasa ke saurare ranar da rai ya ɓaci. Allah ya zaunar da ƙasar Nijar lafiya, ya ƙara haɗa kan ƴaƴanta, amin.