A Tuna Da Isma'ila Mabo

Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan marigayi Isma'ila Mabo na Jos, wanda ya rasu a 2023. Ɗan baya ne, shi ya riƙa tsare wa Mighty Jets gida, kulob ɗin da ya fara cin gasar lig ta ƙasa a 1972. Da ya zama koci, ya kai Super Falcons kwata fainal a gasar duniya ta 1999 a Amurka, da ƙyar Barazil ta fitar da su, 4-3.

To amma yau je ka filin Wurno ko Rabah, kowane yaro gaba yake son bugawa, baya sai an yi lallashi. Mabo kuwa ko sunansa ba su sani ba. Don Allah hukumar ƙwallo ta sa wa gasar matasa ɗaya sunansa.

Wani manomi,
Wurno, Jihar Sakkwato.