Masu ƙidayar raƙuman dawa a Kure

Duk wanda ya ɗauka aikin ma'aikacin gandun daji bai wuce korar mafarauta da hana saran itace ba, to ya dubi Kure, mai nisan kimanin kilomita 60 daga Yamai. Nan ne raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma suka fake. Da aka ƙidaya su a shekarar 1996, 49 kacal suka rage.

Ƙidayar tana son haƙuri. Da damina, sa'ad da dabbobin suke taruwa bisa tudu, ma'aikata da ƴan rakiya na ƙauyukan yankin sukan fita da tabarau mai hangen nesa da na'urar ɗaukar hoto. Kowane raƙumi sai an ɗauke shi ta dama da ta hagu, domin zanen fatar kowanne daban yake. Ta haka ba a lissafa guda sau biyu.

A 2017 adadinsu ya haura 600, ga kuma manoma suna kukan ɓarnar wake. Bisa wannan lissafi, a 2018 aka kwashe 8 zuwa Gadabeji, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba.