Kwashe Toka da Gyaran Tukunyar Ɗumama Gida Bayan Wucewar Sanyi

A ƙasashen Turai masu tsananin sanyi, irin su Ostiriya da Jamus da Suwidin, gidaje da yawa suna da wata babbar tukunyar ƙarfe wadda ke tafasa ruwa, ruwan kuwa ya bi bututu ya zaga ɗakuna yana ɗumama su. Waɗansu tukwanen da mai suke aiki, waɗansu da iskar gas, amma wadda za a yi bayaninta a nan da garin katako ake hura ta.

Garin katakon nan ba a zuba shi haka nan. Inji ne ke matse shi da ƙarfi har danƙon da ke cikin itacen ya haɗe shi, ya fito ƙwaya-ƙwaya, kauri milimita 6. Kilo 2 na ƙwayar yakan ba da zafi kusan daidai da lita 1 ta mai. Bisa ƙa'idar ENplus, ƙwaya mai daraja ta ɗaya ba ta barin toka fiye da kilo 7 cikin kowane tan. Tokar kaɗan ce, amma fa ita ce ke kashe tukunya idan aka yi sakaci.

Dalili kuwa shi ne toka tana jan laima. Ana hura tukunyar tun daga wajen Oktoba har Afrilu, sa'an nan ta zauna watanni ba wuta. Idan aka bar toka da kunkunniya a cikinta, sai su sha laima su riƙa cin ƙarfen, tsatsa ta kama. Haka kuma ƙwayar da ta saura a mazubi takan kumbura ta koma gari, ta toshe murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura ta zuwa bakin wuta. Ran da sanyi ya komo, sai a kunna ta ƙi tashi.

Saboda haka ga yadda masu kula suke yi. Da fari sukan bar tukunyar ta cinye ƙwayar da ke mazubi ƙaf. Sa'an nan a kashe ta, a jira ta huce sarai, a yanke mata wutar lantarki, gama tana iya kunna kanta hannun mutum yana ciki. Daga nan a zaro akwatin toka a juye. A kankare kaskon da wuta ke ci, domin toka takan narke a nan ta daskare kamar kashin maƙera, ta liƙe ƙananan kafofin da iska ke shiga. A bi bututan da hayaƙi ke ratsawa da buroshi, gama kunkunniya tana tare zafi, ya fita waje maimakon ya shiga ruwa. A duba igiyar da ke toshe bakin ƙofa, in ta lalace a sake ta. Bututun hayaƙi kuwa aikin masu sana'ar ne, kuma a Jamus da Ostiriya doka ta wajabta su zo su duba.

Akwai abubuwa biyu da ke jawo hasarar rai da dukiya. Na farko, garwashi yakan kwanta cikin toka kwana biyu ko fiye bai mutu ba. Don haka ba a zuba ta sai a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye a waje nesa da abin da wuta ke kamawa. Na biyu, ƙwayar da aka tara a rufaffen ɗakin ajiya tana fitar da wata iska mai guba, ba wari ba launi, wadda ta sha kashe mutane. Lalle ne a buɗe ɗakin ya sha iska kafin a shiga, wani kuma ya tsaya a bakin ƙofa.

Ko da yake irin wannan tukunya ba ta gidajen ƙasar Hausa ba ce, halin wuta ɗaya ne a ko'ina. Iskar nan mai guba ita ce dai gawayi ke fitarwa idan aka kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki da hunturu. Tokar da ake watsarwa a gindin danga ko kusa da rumbu kuwa ta isa ta ta da gobara. Ya kyautu hakimai su sa malamansu su rubuta wa dagatai da masu unguwa, a gargaɗi jama'a kada a zubar da toka sai an yayyafa mata ruwa, kada kuma a rufe ɗaki da garwashi a ciki. Tokar da ta huce ba ta rasa amfani, ko a gona ko wajen masu dafa sabulu.