Kiranyen da bai iso Haɗejiya ba

Kalmar kiranye mun fi saninta a fagen siyasa, wato talakawa su dawo da wakilinsu gida. To amma kamfanonin ƙera motoci ma suna yin nasu kiranyen idan aka gano aibi a mota, kuma a matsayina na mai nazarin harshe ban ga kalmar da ta fi wannan dacewa ba. Mafi girman irinsa a tarihin motoci shi ne na jakar iska, wadda ke fashewa daga sitiyari don ta kare direba lokacin haɗari, ƙirar kamfanin Takata na Japan.

Takata ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitiret wajen hura jakar. Manoman Auyo da Kafin Hausa ba sa buƙatar dogon bayani, domin dangin takin zamani ne, kuma sun san yadda taki ke dunƙulewa idan ya sha danshi. Shekaru na zafi da laima suna lalata sinadarin, sai ya tashi da ƙarfin da ya wuce kima, ya tarwatsa gwangwanin ƙarfen da yake ciki, ɓaraguzan su soki fuska da wuya. Honda ta fara kiranye a 2008. Daga baya abin ya kai jaka kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, inda mutum 28 suka rasa rayukansu ya zuwa 2024. Takata ya amsa laifin zamba a 2017, aka ci shi tarar dala biliyan 1, ya kuma durƙushe a shekarar.

Mai karatu zai ce ina ruwan Haɗejiya? Honda Accord ta 2001 zuwa 2007 da Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 suna cikin jerin, kuma su ne malamai da ma'aikata suka yi ta saye 'yan Kwatano. Takardar kiranye tana zuwa ne ga mai rajista a can. Da zarar mota ta hau jirgin ruwa, zance ya ƙare. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga laimar damina a fadamar Kogin Haɗejiya, balle shekarun ambaliya irin 2020 da 2022. Gaskiya ne hunturunmu busasshe ne, sai dai mota da yawa sun riga sun sha danshin Florida ko Texas kafin su iso.

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana bari a duba ta kyauta a intanet. A ganina, kamata ya yi Kwastan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da ofishin rajistar motoci na Jigawa su riƙa yin wannan binciken kafin a ba da lamba, dillalan Honda da Toyota kuma su faɗa mana inda za a canza jakar, da wanda zai biya.