Kuɗi Sun Mutu Sun Bar Sunayensu

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in gaya wa 'yan'uwana malamai da akawuna wani ɗan abu da ya daɗe yana ba ni dariya, har ran nan ya juyo ya hana ni barci.

Abin kuwa shi ne yadda mu Hausawa mu ke lissafi da kuɗin da babu su. Wata rana jikana ya roƙe ni kuɗin alewa, na ce masa ba ni da ko sisi. Sai yaro ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Kaka, mene ne sisi?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na tuna ko uban da ya haife shi bai taɓa riƙe sisi a hannunsa ba. Tun ran 1 ga Janairu 1973 aka sallami fam da sule aka kawo naira, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma har yanzu in talauci ya kama mutum ba ya rantsuwa da naira, sai ya ce ko sisi, ko taro, ko anini.

Domin samari masu karatu, bari in ɗan warware. A lissafin da, kwabo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin ke yin fam. Sisi kwabo shida ne, taro kwabo uku, nai kwabo tara, ahu kwabo ɗaya da rabi. Yawancin sunayen nan daga bakin Turawa muka tsince su, muka murɗe su yadda harshenmu zai iya ɗauka. Shi kwabon kansa yana da huda a tsakiya, tsofaffin mata su kan zura shi a zare su ɗaura a gindin zane. Anini shi ne autansu, sai an tara goma kana a sami kwabo. Amma dubi ikon Allah, wannan da aka fi rainawa shi ya fi su duka sa'a, gama da ya bar kasuwa sai ya hau kafaɗar hafsoshin soja da na 'yan sanda, yau in an ce wane yana da anini uku sai ka ga ana sara masa. Kwabo kuwa, da ya ke har yanzu sunansa na cikin littafin banki, ba mai karɓarsa ko a wurin mai ƙosai. Yaron yau in ka ce masa gaskiya ta fi kwabo, sai ya ga ai ba ka yabe ta da kome ba.

Wannan hali ba yau muka fara shi ba. Ita kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce, watau 'yan ƙwaryoyin nan farare na teku da kakanninmu suka yi ciniki da su. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala ɗaya ta azurfa. Wuri ya ɓace, sai a wurin masu ado da 'yan bori, amma in an so a kwatanta dukiya mai yawa har gobe sai a ce wuri na gugar wuri.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce jaka. Asalinta jakar gaske ce, ta wuri zambar ashirin. Da zamanin Turawa ya zo ta zama fam ɗari, da naira ta zo ta zama naira ɗari biyu, alhali yau 'yar takarda ce guda, ba ta bukatar jaka ko aljihu mai zurfi. In ka ƙetara zuwa Maraɗi kuma, can dala sefa biyar ce, jaka dala ɗari biyu, watau sefa dubu. Na taɓa tsayawa ciniki da wani mai tabarma a can, ya ce jaka biyu, na ce na saya, ina murna na sami ɓagas. Sai da na zaro kuɗi muka gane jakarsa dabam tawa dabam. Da Hausa ɗaya muka yi cinikin, da ita kuma muka rabu ba mu daidaita ba.

To, duk wannan abin hira ne. Ga inda ya zama mini abin damuwa.

Bara mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya haura shekara casa'in. Da muka buɗe adakarsa don a ware abin da za a raba, sai muka tarar da wata 'yar takarda ta yi ja don tsufa, da rubutun ajami na hannunsa. Ya rubuta cewa a 1971 ya ranci fam goma sha biyar wurin wani amininsa mai sayar da goro, ya cika ya sayi keken ɗinki, bai kuwa biya ba. Aminin ya riga shi rasuwa da daɗewa. Mun san keken nan sarai, da shi aka ci da mu, da shi aka saya mana allo da littafi. Kowa kuma ya san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci.

Ƙanena, da ya ke akawu ne, nan da nan ya buga lissafi ya ce fam goma sha biyar naira talatin ke nan, a kai musu a huta. Na ce masa, "Haba, naira talatin yau ko goro ɗaya mai kyau ba ta saye, ka ɗauka ka kai gidan mai goro ka ce ka biya bashin keke?" Ya ce shi abin da ke rubuce ya sani. Muka tafi wurin malamai biyu. Na fari ya ce asalin hukunci abin da aka ranta shi a ke mayarwa, adadi da adadi. Na biyu ya ce tun da ainihin kuɗin sun ɓace daga hannun mutane, sai a dubi ƙimarsu. Ko wannensu ya kawo hujjarsa daga littattafai, muka fito kanmu ya fi ɗaurewa. Kwana uku ba mu yi wa juna magana ba ni da ƙanena, a kan kuɗin da ba ɗayanmu da zai iya nuna irinsu.

Daga ƙarshe babbar yayarmu ta raba gardama. Ta ce tsoho ya taɓa gaya mata rabin kuɗin keken ne ya ranta, saboda haka a tambayi kuɗin irin keken nan a kasuwa yau, a kai rabi. Muka tambaya, muka haɗa naira dubu sittin. Ƙanena ya yi gunaguni, amma ya sa hannu.

Muka sami matar marigayin tana da rai, ta tsufa tukuf, tare da 'ya'yanta. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, bashi muka kawo na tsohonmu." Na faɗi adadin. Ta ce, "Ɗan nan, ni ban san dubu-dubun nan naku ba, fam nawa ke nan?" Na yi shiru ina lissafi, na ce fam dubu talatin, watau jaka ɗari uku. Tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Jaka ɗari uku! Ai Malam har ya koma ga Allah bai taɓa haɗa jaka biyar tasa ta kansa ba. Ba'a kuka zo yi mini?" Tun azahar mu ke fama da ita, 'ya'yanta na taya mu, sai bayan la'asar ta yarda aka karɓa, ta sa wa tsohonmu albarka, ta ce sun yafe abin da ya yi saura in akwai.

Da za mu tafi ta kira jikan nan nawa da ya rako ni, ta kwance bakin zanenta, ta ɗauko takardar naira ɗari biyu ta miƙa masa, ta ce, "Ungo sule, ka sayi alewa." Muna fita zaure yaro ya ja mini riga ya ce, "Kaka, ashe wannan ne sule?" Na ce masa ya bari sai mun je gida.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Tsohon Malamin Makaranta, Kano.