Ya Faɗi Sau Uku Kafin Ya Rabu Da Tiramol

Duk wanda ya tashi tsakanin Anka, Bukkuyum da Gummi ya san ramukan zinare. Mun san yaran da ke barin aji su tafi haƙa, su dawo da sabuwar waya, wasu har da babur. Mun kuma ji labarin gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a shekarar 2010 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma. Amma akwai wata gubar da ba a cika maganarta ba, wadda ke zaune cikin aljihun masu haƙa da yawa. Sunanta tiramol.

Muna da aboki da muka yi firamare tare, wanda ya yarda mu ba da labarinsa muddin ba mu ambaci sunansa ba. Kirista ne, mahaifiyarsa tana cikin zumuntar mata a wata ƙaramar majami'a. Yana aji huɗu na sakandare ya fara zuwa rami lokacin hutu don ya samu kuɗin littattafai. Fasa dutse da ɗaukar buhu tun safe har dare ba wasa ba ne. Sai wani ya miƙa masa ƙwaya ɗaya, ya ce maganin gajiya ce.

Tiramol maganin ciwo ne da likita kan rubuta, mai miligiram 50 ko 100. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa yakan kai 225. Danginsu ɗaya da kodin, kuma jiki yana saurin sabawa da shi: ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma biyar. Idan ya yi yawa yana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Haka ta faru da abokinmu a bakin rami, kuma daga wannan hutun bai koma makaranta ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna kimanin 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC da ya tona asirin cinikinsa.

Yunƙurinsa na farko a daren shiga sabuwar shekara ya yi shi. Ya tashi gaban jama'a a majami'a ya yi alkawarin ya daina. Bayan kwana biyu sai gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci suka taso masa. A rana ta uku ya koma. Ya ce mana a lokacin ya ɗauka Allah ya yi fushi da shi. Bai san cewa haka jiki ke yi wa duk wanda ya yanke ƙwayar kai tsaye ba, komai ƙarfin imaninsa.

Wasu dangi suka ce a kai shi inda za a sa masa mari. Mahaifiyarsa ta ƙi. Ta tuna yadda 'yan sanda suka ceto mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a watan Satumbar 2019, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Faston majami'arsu ya goyi bayanta. Ya ce idan yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro ana yi masa addu'a kuma ana kai shi asibiti, to wannan ma haka. Matan zumunta suka haɗa kuɗin mota, aka kai shi wajen likita a Sakkwato, aka riƙa kula da shi har jikinsa ya lafa.

Wata huɗu da dawowarsa ya haɗu da tsofaffin abokan rami, ya sake sha. Ya dage ya daina, sai kuma ya sake faɗawa lokacin da aka yi masu rasuwa. Wannan karon kunya ta hana shi zuwa sujada, ya ɓuya a ɗaki. Fasto ya biyo shi har gida, ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, sau nawa Bitrus ya yi musun Yesu?" Ya ce, "Sau uku, Baba." Fasto ya ce, "To, an kore shi ne?" Abokinmu ya yi shiru, domin ya san Bitrus ɗin nan ne daga baya aka danƙa wa kula da masu bi.

Daga ranar aka canza tsari. Ya daina alkawarin har abada, ya koma roƙon Allah kowace safiya ya ba shi ƙarfin wannan yinin kaɗai. Wani babba a zumuntar matasa ya riƙa zuwa wajensa kullum da yamma, daidai lokacin da ya saba fita sayen ƙwaya. Ya canza layin waya. Wani tela Musulmi, maƙwabcinsu, ya ɗauke shi koyon ɗinki, kuma duk ranar da bai gan shi a shago ba sai ya aika gida a tambaya.

Wannan hanya tana da tarihi. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya giya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa idan suna tallafa wa juna suna iya kame kansu. Sun koyi abubuwa da yawa daga wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group, suka kafa Alcoholics Anonymous, wadda yau ta yaɗu a duniya. Ginshiƙanta su ne amsa cewa abin ya fi ƙarfinka, dogara ga Allah, riƙe aboki, da ɗaukar rana ɗaya bayan ɗaya.

Ƙannenmu ɗalibai, idan wani ya miƙo maku ƙwaya ya ce ta karatu ce ko ta ƙarfin aiki, ku tuna da abokinmu. Idan kuma kun riga kun fara, kada ku jira sai kun faɗi a bakin rami. Ku gaya wa iyaye, ko malamin da kuka yarda da shi, ko limami, ko fasto. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware kusa da Sakkwato, kuma hukumar NDLEA tana da lambar kira kyauta, 0800 1020 3040. Idan ɗan ajinku ne ya faɗa, kada ku laƙaba masa suna. Ku je ku zauna a bakin ƙofarsa.

Da muka je hutu mun tarar da abokinmu a kan keken ɗinki, littafin lissafi a gefe, yana shirin rubuta jarrabawar NECO daga waje. Muka tambaye shi ko ya warke ke nan. Ya yi dariya ya ce, "Yau dai ban sha ba. Gobe ku sake tambayata."