BABI NA HUƊU: HARAMTATTUN HARUFFAN UMARNI DA YADDA AKE MAGANCE SU WAJEN FITAR DA BAYANAI ZUWA FAYIL

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda ake shigar da rubutu cikin kwamfuta da yadda ake adana shi a taskar bayanai. A wannan babi kuwa za a dubi wata matsala da kan taso a lokacin da aka zo fitar da bayanan daga taska zuwa fayil, domin a aika wa wani ko a buɗe su da wata manhaja daban. Sau da yawa akan fitar da fayil, sai manhajar da za ta karɓa ta ƙi buɗe shi, ko ta karanta rabi ta tsaya, alhali idan aka duba rubutun da ido ba a ganin wani aibu a cikinsa. Galibi abin da ke jawo haka shi ne wasu ɓoyayyun haruffa da ake kira haruffan umarni. Saboda haka za a bayyana ma'anarsu da asalinsu da hanyoyin da suke shiga cikin bayanai, sannan a kawo hanyoyin magance su. Daga nan za a nuna yadda gyaran da aka yi ba tare da lura ba yake iya yi wa rubutun Hausa ɓarnar da ta fi ta farko.

4.1 Ma'anar Haruffan Umarni da Asalinsu

Kwamfuta da lambobi take aiki, don haka kowane harafi yana da lambar da ke wakiltarsa. Tsarin da ya fi shahara a farkon al'amari shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a shekarar 1963, aka kuma yi masa kwaskwarima a 1967. Tsarin yana da lambobi 128. Daga cikinsu 95 na abubuwan da ake bugawa ne, wato haruffa da alƙaluma da alamomin rubutu da kuma tazarar da ake bari tsakanin kalmomi. Sauran 33 ɗin, wato daga 0 zuwa 31 da kuma 127, su ne haruffan umarni.

Harafin umarni shi ne wanda ba shi da siffar da ake gani a takarda, aikinsa kawai ya umarci na'ura ta yi wani abu. An gaje su ne daga na'urorin tangaraho masu buga saƙo a takarda. Alal misali, lamba 7 takan sa na'ura ta kaɗa ƙararrawa domin a jawo hankalin ma'aikaci. Lamba 9 takan tsallakar da rubutu zuwa gurbi na gaba. Lamba 10 takan tura takarda zuwa sabon layi, lamba 13 kuma ta mayar da kan na'ura farkon layi, yayin da lamba 12 ke buɗe sabon shafi. Da tsarin Unicode ya zo a 1991, sai ya riƙe waɗannan 33 a lambobinsu, ya kuma haɗa da wasu 32 da ke tsakanin 128 da 159. Ke nan jimillar haruffan umarni a Unicode 65 ne.

Ya kamata a lura cewa babu harafin da yake haramtacce a ko'ina. Ana kiran harafi haramtacce ne idan ƙa'idar fayil ɗin da za a rubuta ba ta yarda da shi ba. Harafin da taskar bayanai ta karɓa ta ajiye shekara da shekaru yana iya zama haramtacce ranar da aka zo fitar da shi.

4.2 Hanyoyin da Suke Shiga Cikin Bayanai

Hanya ta farko ita ce kwafo rubutu daga wata manhaja. Manhajar Microsoft Word tana amfani da lamba 11 a matsayin alamar karya layi a cikin sakin layi ɗaya, lamba 12 wajen karya shafi, lamba 30 kuma a matsayin karan ɗorin da ba a raba kalma a kansa. Idan ma'aikaci ya kwafo rubutun ya zuba a gurbin taska, waɗannan haruffa kan biyo shi ba tare da ya sani ba.

Hanya ta biyu ita ce tsofaffin tsare-tsaren adana bayanai. Tsarin MARC, wanda Henriette Avram ta jagoranci ƙirƙiro shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a cikin shekarun 1960, kuma ɗakunan karatu suke kundace littattafai da shi, yana amfani da lamba 29 wajen rufe bayanin littafi guda, lamba 30 wajen rufe gurbi, lamba 31 kuma wajen raba ƙananan gurabu. Idan aka juya irin wannan kundi zuwa sabon tsari aka bar ɗaya daga cikinsu a tsakiyar sunan littafi, matsala ta samu.

Hanya ta uku ita ce kuskuren karanta tsarin lambobi. A tsarin UTF-16 kowane harafin boko na yau da kullum yana cin bayit biyu, kuma ɗaya daga cikinsu sifiri ne. Idan manhaja ta karanta fayil ɗin bayit ɗaya-ɗaya, sai a sami lamba 0 a tsakanin kowane harafi da mai bi masa.

4.3 Matsayinsu a Ire-iren Fayiloli

4.3.1 XML da XLSX

Ƙa'idar XML ta farko, wadda ƙungiyar W3C ta fitar a 1998, ita ce ta fi tsanani. Daga cikin haruffa 32 na farko, uku kawai ta yarda da su, wato 9 da 10 da 13. Sauran 29 ɗin haramtattu ne, ko da an rubuta lambarsu a madadinsu. Bugu da ƙari, ƙa'idar ta wajabta wa manhaja ta daina aikin da take yi da zarar ta ci karo da irin wannan kuskure. Wato ke nan harafi ɗaya tak yana iya hana a buɗe fayil mai ɗauke da dubban layuka. A 2004 an fitar da XML 1.1 wadda ta yarda a rubuta lambobi 1 zuwa 31 ta hanyar ambaton lambarsu, ban da 0, sai dai ba ta sami karɓuwa sosai ba.

Fayil ɗin XLSX, wanda Excel ta fara amfani da shi a fitowar 2007, tarin fayilolin XML ne da aka ƙunshe wuri ɗaya, don haka wannan doka ta hau kansa. Shi ya sa manhajar openpyxl ta harshen Python take ƙin rubuta irin waɗannan haruffa, ta tsaya ta ba da sanarwar kuskure.

4.3.2 JSON

Ƙa'idar JSON, kamar yadda ta zo a takardar RFC 8259 ta 2017, ba ta yarda a rubuta harafi daga 0 zuwa 31 tsirara a cikin rubutu ba, amma ta tanadi hanyar ɓad da kamarsu. Lamba 10 ana rubuta ta \n, lamba 9 ana rubuta ta \t, lamba 11 kuma \u000B. Saboda haka babu harafin da ya zama dole a yar a wannan tsari.

4.3.3 CSV

Shi kuwa CSV, wanda takardar RFC 4180 ta 2005 ta bayyana, yana raba gurabu da waƙafi, yana raba layuka da 13 da 10 a jere. Idan rubutun gurbi yana ɗauke da waƙafi ko alamar sabon layi, dole a saka shi tsakanin alamomin buɗe magana da rufe magana, in ba haka ba layi ɗaya zai rabe biyu, bayanai su hau gurabun da ba nasu ba. Haɗarin CSV shi ne yakan lalace a ɓoye. Lamba 26 ita ce alamar ƙarshen fayil a tsarin CP/M da DOS, kuma har yanzu wasu manhajoji na Windows kan tsaya idan suka same ta. Haka nan lamba 0 ita ce alamar ƙarshen rubutu a harshen C. A ce fayil yana da layuka 5,000, lamba 26 kuma ta faɗo a layi na 800, to manhaja za ta iya tsayawa a nan ba tare da wata sanarwa ba, mai aiki ya ɗauka ya sami bayanansa cikakku.

4.4 Hanyoyin Magance Matsalar

Hanya ta farko ita ce gogewa, wato a cire harafin gaba ɗaya. Ita ce ta fi sauƙi, kuma Excel tana da umarnin CLEAN da ke cire lambobi 0 zuwa 31. Ta dace da haruffa irin su 0 da 7, waɗanda ba su da wani aiki a cikin rubutu. Sai dai ba ta dace da harafin da ke raba kalmomi ba. Idan lamba 11 ce ta raba “a” da “kan”, gogewa za ta mayar da “a kan” ta zama “akan”, ta mayar da “ma su” ta zama “masu”, ma'ana kuwa ta sauya.

Hanya ta biyu ita ce musanyawa. A nan ana duba aikin da harafin yake yi tun asali, a sa halastacce a gurbinsa. Lamba 11 da 12 sai a musanya su da 10 ko da tazara, lamba 30 da ta fito daga Word kuma a musanya ta da karan ɗori. Wanda ba a san aikinsa ba ana iya sa masa alamar musanya ta Unicode mai lamba 65533, domin mai karatu ya ga cewa an cire wani abu a wurin.

Hanya ta uku ita ce ɓad da kama, wato a rubuta harafin da wasu halastattun haruffa ta yadda manhajar da za ta karɓa za ta iya dawo da shi. An ga misalin JSON a sama. Shi ma XLSX yana da tasa hanyar, inda ake rubuta lamba 11 a matsayin _x000B_. Wannan hanya ita ce ta fi dacewa idan ana son bayanan su koma yadda suke ba tare da an rasa komai ba.

Hanya ta huɗu ita ce dakatarwa da ba da rahoto. Manhaja takan ware layin da ke da matsala, ta faɗi lambar layin da gurbin da lambar harafin, mutum ya duba ya yanke hukunci. Ita ce ta dace da bayanan da kuskure a cikinsu ke da tsada, kamar sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗi.

Kowace hanya aka bi, wajibi ne a yi gyaran a kan kwafi, a bar asalin bayanan a taska, a kuma ajiye lissafin abin da aka sauya. Haka kuma, tun da rigakafi ya fi magani, ya kamata a riƙa tace rubutu tun a lokacin shigar da shi. Taskar PostgreSQL, alal misali, ba ta karɓar lamba 0 a gurbin rubutu ko kaɗan.

4.5 Haɗarin Tacewa ga Haruffa Masu Ƙugiya

Akwai kurakurai biyu da suka shafi Hausa kai tsaye. Na farko shi ne matacin da aka umarta ya bar lambobi 32 zuwa 126 kawai, ya cire duk wani abu da ke wajensu. Wannan zai kawar da haruffan umarni, amma zai tafi da haruffa masu ƙugiya, domin ba sa cikin ASCII. A Unicode lambar ƙ ita ce 409, ta ɓ 595, ta ɗ 599, ta ƴ da ake rubutawa a Nijar kuma 436. Sakamakon haka “ƙaya” za ta koma “aya”, “ƙauna” ta koma “auna”, “baƙi” ta koma “bai”. Jumlar “an ɗaure ta” za ta zama “an aure ta”. Dukkansu kalmomin Hausa ne ingantattu, don haka fayil zai buɗe lafiya, kuma mai karatu ba zai yi zargin komai ba.

Kuskure na biyu shi ne tace bayit maimakon tace harafi. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu yake ci. Harafin ƙ shi ne 198 da 153, ɓ shi ne 201 da 147, ɗ kuma 201 da 151. Manyansu kuwa, Ƙ shi ne 198 da 152, Ɓ 198 da 129, Ɗ 198 da 138. Idan aka lura, bayit na biyu na dukkan waɗannan shida yana tsakanin 128 da 159, wato daidai da lambobin rukuni na biyu na haruffan umarni. Matacin da ke bin bayit ɗaya-ɗaya zai ɗauka haruffan umarni ne ya cire su, ya bar rabin harafi. Rabin harafi kuwa ya saɓa wa ƙa'idar UTF-8, saboda haka manhajar XML za ta sake ƙin fayil ɗin. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Mafita ita ce a fara tantance tsarin lambobin da rubutun yake ciki, a juya bayit su zama haruffa, sannan a yi tacewa. Kuma a lissafa wa mataci haramtattun lambobin da ƙa'idar fayil ɗin ta ambata kawai, ya bar sauran yadda suke. Kafin a amince da kowane mataci, ya dace a gwada shi da jumlar da ta ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ƙanana da manya, a kwatanta abin da ya fito da abin da ya shiga.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an bayyana cewa haruffan umarni gado ne daga na'urorin tangaraho, kuma kowane irin fayil yana da ƙa'idarsa game da su. An kawo hanyoyi huɗu na magance su, aka nuna cewa zaɓen hanya ya dogara ne ga aikin da harafin yake yi a cikin rubutu da kuma fayil ɗin da za a rubuta. An kuma nuna cewa shida daga cikin haruffan Hausa takwas masu ƙugiya suna iya lalacewa idan aka tace bayit maimakon harafi. A babi na gaba za a dubi yadda ake jera kalmomin Hausa bi da bi a cikin taskar bayanai, da matsayin da haruffa masu ƙugiya suke samu a wannan jeri.